Ɗan Wane Ne? Asali da Zawarcin Ƙuri'a a Arewacin Kano

Daga Dawanau, ko ka miƙe hanyar Katsina ka nufi Bichi da Tsanyawa, ko ka karkata ka kama ta Dambatta, abu ɗaya da ba za ka gani ba shi ne daji. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakani, kowace bishiya da mai ita. Gidaje a warwatse suke cikin gonakin, kafin ka bar wata unguwa ka hango rumbunan wata. Ƙasa ce da ba a barin ta ta huta, sai dai a yi ta ɗura mata taki, saboda bakunan da ke jiran ta sun yi yawa. Tun ranar da aka fara ƙidaya hannuwa don zaɓe, yawan bakin nan ya koma yawan ƙuri'a. Yau ƙananan hukumomi 13 cikin 44 na jihar ne ke ƙarƙashin mazaɓar sanatan Kano ta Arewa, kuma babu mai neman gidan gwamnati da zai yi barci bai san inda suka sa gaba ba.

Kowa a nan Hausa yake yi, amma ba tushe ɗaya aka fito ba. Akwai Hausawa manoma da suka gaji gonakin kaka da kakanni. Akwai Fulanin gida da Fillanci ya kuɓuce wa tun zamanin kakanninsu, da Fulanin ruga da har gobe matansu ke kawo nono kasuwa. Akwai Maguzawa a 'yan unguwanninsu, da Barebari, da Agalawa fatake, da jikokin bayin da aka zaunar a rinji suna noma gandun masu sarauta. A kasuwa ba ka bambance su. Ranar da maganar aure ta taso kuwa, tsofaffin gida za su warware maka asalin kowa har kaka na bakwai. To abin da tsohuwa ta sani, ɗan siyasa ma ya sani. Shekara saba'in da 'yan kai ke nan jam'iyyu na lalube cikin wannan sani, suna neman inda za su kama.

Sai an koma jihadi kafin a gane abin da suke lalube. A Ɗanyaya, nan arewacin Kano, rundunar Sarki Alwali ta karye a hannun masu jihadi wajen 1807, mulkin Haɓe ya ƙare. Gidajen Fulanin da suka yi yaƙin suka raba manyan sarautu a tsakaninsu. Dambazawa suka riƙe Sarkin Bai, Yolawa suka riƙe Madaki, Joɓawa Makama, gadon sarautar Kano kuma ya zauna a gidan Sulluɓawa tun daga Ibrahim Dabo a 1819. Ɗan Tunku, wanda ya ƙi bin Dabo, ya ja nasa yankin ya kafa Kazaure. Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, sai ma suka ƙara masa ƙarfi: suka fitar da hakimai daga birni, aka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa ya tara haraji. Sarkin Bai ya tare a Dambatta, Madaki a Dawakin Tofa. Bichi kuwa ta zama wurin horon 'ya'yan sarki, don Abdullahi Bayero da ɗansa Sanusi duk sun yi hakimcinta suna Ciroma kafin su hau gado.

Saboda haka a wancan zamani manomin da ya ɗaga kai ya dubi masu iko da shi, daga hakimi har alƙali, galibi 'yan gidajen Fulani yake gani. Wanda ya tsaya nan zai ce ai an gama, duk jam'iyyar da ta ce Haɓe su tashi su karɓi ƙasarsu ta kwashe ƙuri'a. Amma akwai wani mutum a gefe da ke ɓata wannan lissafi, shi ne Bafillatanin ruga. Shi ma hakimin nan ne ke aiko masa da masu ƙidayar shanu, a karɓi jangali a kan kowace saniya, har ya kan kora garkensa cikin dare ya tsallaka wata gunduma don gudun ƙidaya. Dagatai da masu unguwanni da yawa kuma Hausawa ne, su ne ma ke bi gida gida suna karɓar kuɗin. Ainihin rabuwar tana tsakanin mai karɓa da mai bayarwa, kuma kowane ɓangare akwai Bahaushe akwai Bafillace.

NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita ta fara cin karo da wannan. Dubi mutum takwas ɗin da suka kafa ta. Akwai Magaji Dambatta, ɗan wannan yanki. Akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba. Akwai Maitama Sule, wanda gidansu bayin sarki ne masu hidimar Madakin Kano. Akwai Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da sauransu. Wanda ya zama jagoranta daga 1953, Malam Aminu Kano, Bafillace ne na gidan Genawa, gidan malamai da alƙalai, kuma babban abokin tunaninsa Sa'adu Zungur shi ma ɗan gidan malamai ne a Bauci. Takardar manufofin da jam'iyyar ta fitar a shekarar kafuwarta ta ɗora laifin halin da talaka ke ciki a kan mulkin 'yan gida ɗaya na En'e, ta kira abin gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Ba a rasa masu lacca da in zance ya yi zafi sukan zame su ce mulkin Fulani ne ya ishe su, kuma a wasu garuruwan Arewa da ke da tsohon miki da masarauta wannan magana ta yi kasuwa. Amma Malam Aminu ya bi wata hanya da ta fi wannan wayo nesa ba kusa ba. Ya ɗauko koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan zalunci da haraji marar tushe ya auna jikokin masu jihadi da ita. Da haka ya hana a ce NEPU na gaba da jihadi, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga duk Bafillacen da ba shi da rawani.

NPC, da ta zama jam'iyya a 1951, ba ta da bukatar ta ce wa kowa komai a farkon lamari, don tsarin zaɓen ma ya ishe ta. Zaɓen 1951 hawa hawa aka yi shi. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su je gunduma su zaɓi wasu, a yi ta tacewa har matakin lardi, inda doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen. NEPU ta yi rawar gani a hawan farko a birni, amma cikin mutum 20 da lardin Kano ya tura majalisar Kaduna ko ɗaya ba ta samu ba. A ƙauye kuwa abin a fili ake yin sa. Ga dagaci zaune a kan darduma ƙofar gidansa, ga malamin haraji da littafinsa a gefe, ga ɗan doka tsaye. Mutumin da zai yanka maka kuɗin bana, wanda za ka nema ya tsaya maka in maƙwabci ya ci maka iyakar gona, shi ne ke kallon hannun wa ya tashi. Magidanci ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, inda ka sa gaba nan muka sa." Wanda ya ƙi kuwa ya san sauran. Izinin lacca a hannun En'e yake, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari nata ne, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan tuhumar zagin sarki ko taro ba izini.

Sai da zaɓe ya fara matsowa hannun jama'a kai tsaye NPC ta bukaci magana, kuma maganar da ta zaɓa ba ta cikin gida ba ce. Takenta Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba ruwanta da addini ko muƙami ko ƙabila, kuma a saman jam'iyyar an ga alamar hakan: Sardauna jinin Shehu ne, amma Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan talakawa ne daga ƙasar Bauci, Kashim Ibrahim Babarbare, Aliyu Makaman Bida Banufe. An toshe ɓarakar ciki, aka haƙa rami a bakin iyaka. Abokin gaba shi ne ɗan Kudu. A watan Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, 'yan Legas suka yi musu ihu. Da tawagar Action Group ƙarƙashin Akintola ta shirya zuwa Kano a watan Mayu, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, hukuma ta ƙidaya gawa 36. A shekarar ne kuma ƙungiyar 'yan daba da aka sani da 'Yan Mahaukata ta bayyana tana farautar 'yan adawa.

Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe a 1954, sai ta miƙa wa NPC sandar dukanta. Daga nan laccar ƙauye ta zama mai sauƙi: 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, yaran Ibo ne, za su sayar da Arewa, ba sa ganin girman iyaye balle na sarki, masu Salama kuwa, wato 'yan NPC, su ne 'yan gida. Manomin Kunci ko Makoɗa bai taɓa ganin Azikiwe ba. Ɗan Kudun da ya sani shi ne akawun da ke bakin sikeli lokacin cinikin gyaɗa, ko ma'aikacin gidan waya da na tashar jirgi in ya shiga birni, kuma gwamnatin Kaduna na cewa manufarta ita ce ɗan Arewa ya karɓi waɗannan kujeru. Magana ce da ke da abin kamawa, don ratar ilimin boko gaskiya ce. Ga kuma waɗanda aka tsayar. A 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, shi ya kayar da Malam Aminu a birni. A 1956 Ahmadu Ɗantata, ɗan gidan Agalawa, ya sake kayar da shi. Wato ɗan bayin sarki da ɗan fatake ne jam'iyyar sarakuna ta tura su kayar da Bafillacen da ke jagorantar jam'iyyar talakawa. A karkara kuma sau da yawa ba a wahalar da kai, hakimi ko ɗan gidansa ake tsayarwa. Sarkin Bai Mukhtar Adnan, hakimin Dambatta, yana cikin waɗanda suka je majalisar wakilai ta Legas da tutar NPC.

Zaɓen Disamba 1959 na maza ne zalla a Arewa. Kowace jam'iyya da akwatinta a bayan labule, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. NPC ta tashi da kujeru 134, NEPU 8, ɗaya daga ciki ta Malam Aminu. Abin dariya, bayan an gama ƙidaya sai ga NPC ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NCNC ɗin nan da ta shekara biyar tana cewa wanda ya raɓe ta ya sayar da Arewa. Ba a ji an koma ƙauye an ba kowa haƙuri ba. A tsallaken iyaka ma an ga irin wannan sarƙaƙiya: jam'iyyar Sawaba ta Nijar ta yi ƙarfi a garuruwan Hausa irin Maraɗi da Damagaram, alhali jagoranta Djibo Bakary Bazabarme ne, har gwamnatin Diori ta haramta ta a 1959.

Arewa ɗayan ma ba ta daɗe ba ta tsage, kuma a Kano ta tsage. Da gwamnatin Sardauna ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, Sarki Sanusi ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare, sai wani sabon asali ya taso, Kananci. Magoya bayan sarkin, musamman 'yan Tijjaniyya, suka ga Sakkwato ce ta taka Kano. Suka kafa jam'iyyar mutanen Kano, KPP, wadda ta haɗa kai da NEPU, abokiyar gabar Sanusi ta jiya. Bafillace da Bafillace ne suka yi faɗa, aka raba magoya baya da sunan gari. Ita kuwa maganar ɗan Kudu ta kai inda masu yin ta ba su shirya ba. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu 1966, da dokar Ironsi ta haɗe ƙasa a watan Mayu, an yi wa Ibo kisan gilla a Kano da wasu garuruwan Arewa. Juyin mulkin ne ya kunna wutar, amma shekaru goma sha na lacca sun riga sun tara mata itace.

Sojojin da suka biyo baya sun yi abubuwa biyu da suka canza lissafi. Na farko, aka ba Kano jiharta a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa hakimi sauran ƙarfinsa. Na biyu, tsarin mulkin 1979 ya hana rajistar jam'iyyar ƙabila ɗaya, ya kuma ce ba mai zama shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, gwamna ma haka a ƙananan hukumomin jiharsa. Mata kuma suka shigo layi. A karon farko manomin Bagwai da matarsa suka yi zaɓe ba dagaci a kansu, kuma abin da suka yi ya nuna cewa rinjayen NPC na da can ƙarfin En'e ne fiye da daɗin bakinta. PRP mai makulli, jam'iyyar Malam Aminu, ta share jihar. Shehu Shagari na NPN, Bafillacen Sakkwato, ya tashi da kashi 19.94 kacal a Kano, kuma a kan wannan adadi ne aka yi shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku har Kotun Ƙoli. Abubakar Rimi na hawa kujerar gwamna a Oktoba 1979 ya soke haraji da jangali. Ni a ganina babu wata lacca da ta bayyana siyasar wannan ƙasa kamar wannan sanarwa guda, wadda ta sauke kaya daga kan mai garma da mai sanda a rana ɗaya.

Amma sandar da aka doki NEPU da ita ba ta ɓata ba, hannu kawai ta canza. PRP ta rabe gida biyu, santsi na su Rimi da taɓo na su Malam Aminu. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu irin su Gaya da Rano da Dutse, ya aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, rikicin 10 ga Yuli 1981 ya ci ran mai ba shi shawara Dokta Bala Muhammad. Malam Aminu ya rasu a Afrilu 1983, Rimi kuma ya nemi zarcewa a NPP, jam'iyyar Azikiwe. Sai ga almajiran Malam, waɗanda aka shekara da shekaru ana kiran su yaran Ibo, suna zagaya ƙauyuka suna cewa Rimi ya kai Kano ga Ibo. Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci zaɓen, ya rushe masarautun, kafin soja su rushe shi shi ma a ƙarshen shekarar.

Wanda ya ɗauka daga nan cewa Bakano ba ya zaɓen baƙo, 12 ga Yuni 1993 ta ba shi amsa. Bashir Tofa na NRC sunan garin Tofa yake ɗauke da shi, nan cikin wannan yanki, ko da yake gidansu Barebari ne. Abokin karawarsa Moshood Abiola na SDP Bayarabe ne daga Abekuta. Abiola ya ci jihar Kano da kusan kashi 52. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. SDP ce ta gaji gidan santsi da mafi yawan tsofaffin 'yan PRP, su Rimi ne suka yi masa yawo, Musulmi ne da aka san shi da gina masallatai da taimakon makarantu, mataimakinsa Babagana Kingibe ma Musulmi ne ɗan Barno. Kiran ɗan gida bai yi aiki ba domin babu wani tsoro ko wani miki da zai hau kai.

Bayan shekara goma an ga fuskokin abin guda biyu a kakar zaɓe ɗaya. Kanawa sun zaɓi Obasanjo a 1999, amma kafin 2003 an yi rikicin Shagamu da ramuwarsa a Kano, an yi na Ketu da na Idi Araba a Legas inda Hausawa suka mutu, ga kuma guguwar shari'a da aka ƙaddamar a Kano a 2000. Duk wanda ya raɓi Obasanjo ya shafi baƙin jini, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso kuwa yana jam'iyya ɗaya da shi, PDP. Buhari ya fito a ANPP aka ce namu ne, aka ce sak. A gefe guda 'yan PDP suka tono asalin ɗan takarar gwamnan ANPP, Malam Ibrahim Shekarau, cewa mahaifinsa Babur ne daga ƙasar Biu da aikin ɗan sanda ya kawo shi Kano, don haka ba ɗan ƙasa ba ne. Mutane suka ji, suka kaɗa kai, suka zaɓe shi, suka kuma sake zaɓensa a 2007. Masu ƙuri'ar da suka karɓi kiran namu ne a zaɓen shugaban ƙasa su ne suka yi watsi da kiran baƙo ne a na gwamna. Malamin makaranta mai wa'azi da ya tashi a Kurmawa bai yi musu kama da baƙo ba.

Akan kwatanta irin wannan da Amurka, inda bayan dokar 'yancin baƙar fata ta 1964 jam'iyyar Republican ta juya ta nemi ƙuri'un fararen Kudu da suka fusata, Goldwater ya fara, Nixon ya gyara dabarar, har yankin ya canza jam'iyya ɗungurungum. Amma can launin fata a fuska yake, ƙidayar jama'a na rubuta shi, masu shata mazaɓu na aiki da alƙalumansa unguwa unguwa. Nan kuwa ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Babu ɗan siyasar da zai iya gaya maka Hausawa nawa ne Fulani nawa ne a Dawakin Tofa, kuma in ya matsa bincike zai tarar da rabin amsar a ɗakin mahaifiyarsa.

Shi ya sa asalin da ake ciniki da shi yanzu ya koma na shiyya. Tambayar ita ce ɗan wace ƙaramar hukuma ne, kuma me aka ba yankinmu. Kwankwaso ya ɗauko Abdullahi Umar Ganduje daga Dawakin Tofa ya yi masa mataimaki a 1999 da 2011. Shekarau ya ɗauki Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007. A 2023 manyan 'yan takara biyu duk daga Kano ta Arewa suka ɗauko mataimaka: Nasiru Gawuna da Murtala Sule Garo, Abba Kabir Yusuf da Aminu Abdussalam Gwarzo. Ganduje da kansa, wanda ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, Bafillace ne da ba ya ɓoye Fillancinsa, ya jawo ardo-ardo a jiki, ya yi wa makiyaya alkawarin matsuguni a dajin Dansoshiya. Amma ba da wannan ya nemi ƙuri'ar Bichi ba. A watan Mayu 2019, 'yan makonni bayan zaɓen da sai da aka je zagaye na biyu kafin ya tsira, ya sa hannu a dokar da ta fitar da masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Kowa ya san akwai rigimarsa da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a ciki, wanda aka tuɓe a Maris 2020. Abin da aka gaya wa mutanen karkara shi ne birni ya daɗe yana cinye rabonsu, yanzu ga sarki a ƙofar gida, asibiti da titi na tafe.

A nan tsohon tsarin jihadi ya sake leƙowa. Dokar ta jefa Dambatta da Dawakin Tofa ƙarƙashin Bichi, wato Sarkin Bai da Madaki, masu zaɓen Sarkin Kano tun ƙarni na 19, an ce su je su yi gaisuwa a garin da a da hakimi ɗan'uwansu ke riƙe da shi. Suka ƙi, suka tafi kotu, masarautar Bichi ta sauke su daga hakimci a Disamba 2019, har da Mukhtar Adnan da ya haura shekara sittin a kan kujerar Dambatta. A zaɓen 2023 jar hular Kwankwaso ta kwashe jihar: Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716. Amma kujerar sanata ɗaya tilo da APC, jam'iyyar Ganduje, ta riƙe ita ce ta Kano ta Arewa, ta Barau Jibrin. Gwamnatin Abba ta rushe masarautun a Mayu 2024 ta maido da Sanusi, daga baya ta mayar wa Rano da Gaya da Ƙaraye sarakuna masu daraja ta biyu, Bichi kuwa aka bar ta da hakimi. Ko shakka babu za a ji wannan a bakin sojojin baka a rediyo in kakar zaɓe ta kama.

A matakin mazaɓa lissafin ya fi haka ƙanƙanta. Shugaban jam'iyya na mazaɓa zai zauna a zaure da takarda, akwati akwati: wannan na unguwar Fulani ne, a ga ardo, wannan na Maguzawa ne, a bi ta wajen mai unguwarsu ko limamin cocinsu, wancan 'yan Izala sun fi yawa, kada a tura ɗan ɗariƙa, mata a kai musu atamfa da sabulu da taliya ta hannun shugabar mata. Asali na cikin takardar, amma a matsayin adireshi, hanyar da saƙo zai bi ya isa. Ba a hawa mumbari da shi.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan daga waje ya shigo. Ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ta sa ana jin wata magana a wayoyin samari, a Facebook da TikTok, ta Hausa zalla, cewa Bahaushe daban Bafillace daban, kuma lokaci ya yi da za a raba gari. Masu yin ta ba su taɓa biyan haraji ba, ba su ga iyayensu da makiyayi sun tsaya layi ɗaya gaban malamin hakimi ba. Abin da suka gani shi ne burtalin da gona ta cinye, da shanun da suka shiga wake kafin a roɗe, da bidiyon gawarwaki daga ƙauyukan da ba su da nisa. Har yanzu babu jam'iyyar da ta ɗauki wannan magana a Kano, kuma dalilin a bayyane yake: doka ta hana, manyan kowace jam'iyya jininsu a gauraye yake, kuma mai neman kashi ɗaya cikin huɗu a ƙananan hukumomi talatin ba ya zubar da akwati ko ɗaya da gangan. Sai dai a baya masifar labari ce da ake ji daga maƙwabta. A ƙarshen 2025 maharan sun tsallako daga iyakar Katsina sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, sun kashe, sun sace mutane da dabbobi, wasu gidaje sun kwashe sun koma cikin gari. Zaɓen 2027 shi ne na farko da waɗannan ƙauyuka za su yi da irin wannan miki a jikinsu, kuma masu takarda a zaure sun riga sun fara tambayar akwatin unguwar Fulani a ina za a ajiye shi a wannan karon.